Injin Feshin Ruwa da Gyaran Tsohon Katako

Injin feshin ruwa, wanda aka fi sani da injin wankin mota, sassa uku gare shi: injin fetur ko na lantarki da ke juya shi, famfon da ke matse ruwa, da tiyo mai bindiga a baki, inda ruwan ke fita ta wani ɗan huji da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Ruwan famfon gida yakan zo da matsin bar 2 zuwa 4. Wannan injin kuwa yana kai shi bar 100, ko 150, har 200 da ɗoriya. An fara ƙera irinsa a Amurka a shekarun 1920, yana aiki da tururi. A 1950 wani injiniya Bajamushe mai suna Alfred Kärcher ya fito da mai feshin ruwan zafi, kamfaninsa na nan har yau da sunansa. Yawancin waɗanda ke shigowa kasuwannin Kano da Katsina a yanzu ƙirar ƙasar Sin ne.

A yankin Kankiya da Kusada hanya ce ta zaunar da sana'ar. Babban titin Kano zuwa Katsina ya bi ta Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya ya nufi Caranci, kuma duk abin da ya hau shi sai ya kwashi ƙura da rani, ya kwashi taɓo da damina: motocin haya, tireloli, a-kori-kura, Keke Napep, da baburan da ke shiga su Kunduru da Gyaza da Rimaye da Kafin Soli. Matashin da ya mallaki inji da tankin ruwa da ɗan fili a bakin titi ya samu abin yi. Daga mota aikin ya kai ga kafet da dardumar masallaci gab da Sallah, da tarakta bayan huɗa, da ɗakin kaji in an kwashe su. Ta nan ne katako ya shigo: ƙofa, bencin makaranta, gado, teburin mai shayi, bodin babbar mota. Matsin da ƙarfe zai ɗauka lafiya lau yana iya lalata fuskar katako kafin mai aiki ya ankara, saboda haka akwai buƙatar sanin injin tukuna, sannan a san itacen.

Lambobi biyu ne ke faɗin ƙarfin kowane inji. Ta farko ita ce matsi, ana rubuta shi da bar ko da PSI, bar 1 kuma kimanin PSI 14.5 ne. Ta biyu ita ce yawan ruwan da injin ke fitarwa a minti ɗaya. Masu saye sun fi kallon ta farko, masu ƙera injin ma sun san da haka, shi ya sa ake buga ta da manyan haruffa a jikin kwali. Sau da yawa abin da aka buga ɗin ƙololuwar da famfon zai taɓa ce na ɗan lokaci, matsin da zai riƙe yana aiki yakan gaza haka. Matsi shi ke ɓamɓaro datti daga inda ya manne, yawan ruwa kuma shi ke kwashe shi ya yi gaba da shi. Inji mai bar 130 da lita 12 a minti zai riga mai bar 180 da lita 6 gama wanke tirela, ko da yake na biyun ya fi cika ido a kanti.

Yawan ruwan nan kuwa sai an yi masa lissafi da aljihu, domin a wannan yanki ruwa ko dai a saya wajen 'yan garuwa, ko a jawo shi daga rijiyar burtsatse da mai ko da sola. Inji mai lita 10 a minti, in aka riƙe kunamar bindiga minti 10, ya sha lita 100, jarka huɗu ke nan mai lita 25. Tanki mai lita 1,000 zai ƙare a minti 100 na feshi. Wanda bai da tabbacin ruwa ya sayi babban inji, ya sayo wa kansa wahala ne.

Injin lantarki shi ne mafi sauƙin kuɗi da ƙarancin ƙara. Yana cin wuta wat 1,400 zuwa 2,100, yana ba da bar 100 zuwa 145 da lita 6 zuwa 8. Don aikin gida aka yi yawancinsu, mota ɗaya ko biyu a huta. Wanda zai dogara da wutar KEDCO, kamfanin da ke raba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa, ya san ba kullum take nan ba, ƙaramin janareton shago kuma ba ya iya ɗaga wannan injin. Na fetur shi ne na sana'a. Mafi yawa masu ƙarfin doki 6.5 ne, an kwaikwayo su daga Honda GX200 mai cc 196, suna kai bar 150 zuwa 200. Babbar fa'idarsu a karkara ita ce irin injin da ke jikinsu shi ne a injin ban-ruwa da injin markaɗe, don haka duk makanikin da ke Kankiya ya san cikinsa, fulogi da kafireto da igiyar tayarwa kuma ba sai an je Kano ba. Yakan sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a awa in yana cikin aiki sosai, abin da ya zama dole a sa a farashin wanki tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Akwai na uku, wanda ake yawan gani a wuraren wanki na bakin titi: famfo mai fistan uku da aka ɗora a kan firam ɗaya da inji, bel na juya shi. Asalinsa na feshin gona ne. Matsinsa bar 20 zuwa 40 ne kawai, amma yana zubo ruwa lita 15 zuwa 20 ko fiye. Wasu na raina shi, alhali ga babur da kafet da katako ya fi dacewa da hannun mai koyo, domin da wuya ya yi ɓarna, gyaransa kuma ba ya wuce canza roba da bel da cika ƙoƙunan giris.

Famfo shi ne wurin da kuɗin mai saye ke tafiya ko ke dawowa. Masu araha suna da famfo a rufe, jikinsa na alminiyam ko roba, in ya mutu sai dai a canza shi ɗungurungum. Na sana'a yana da kan tagulla, da fistan uku na tangaran, da ɗakin mai da ake gani ta ɗan gilashi, kuma ana kwance shi a canza robobi da bawul. Kamfanonin Italiya irin su Annovi Reverberi da Interpump sun yi suna a wannan fanni, akwai kuma kwaikwayonsu iri-iri. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a gaban mai kanti ita ce ko yana sayar da robobin famfon nan da bawul ɗinsa. In babu, gara a haƙura da shi komai kyansa.

Abin da ke kashe famfo da wuri abu uku ne, kuma duka a hannun mai aiki suke. Yashi shi ne na farko. Ruwan rijiya da na kududdufi da na dam duk suna ɗauke da shi, ƙwaya kaɗan kuma ta isa ta karce fistan ta hana bawul rufewa. Ana barin ruwa ya kwanta a tanki, a fitar da bututun ɗan sama da gindin tankin, a sa matata a bakin shiga, a riƙa wanke ta kullum. Ƙishirwa ita ce ta biyu. In ruwa bai isa famfon ba, sai a ji ƙararsa ta canza, tiyo ya riƙa fizga a hannu, feshin yana zuwa yana yankewa. A wannan hali kumfar iska ce ke fashewa a cikin famfon tana cin tagullar. Maganinsa a ɗora tanki a kan dakali ya fi famfon tudu, tiyon shiga ya zama gajere mai kauri, kuma kafin a tayar da inji a matsa kunama har iska ta fita ruwa ya zubo sumul. Na uku shi ne barin inji yana aiki an saki kunama. Ruwan da ke ciki yana ta zagayawa ne a wuri ɗaya yana zafi, bayan minti biyu ko uku ya fara dafa robobi. Wanda zai tsaya shafa sabulu ko amsa waya, ya kashe injin.

Man inji ana canza shi bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Man famfo daban yake, ana canza shi bayan awa 50 na farko, kuma duk ranar da aka ga ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, robobi sun gaji. Da hunturu matatar iska tana toshewa da ƙura cikin 'yan kwanaki, sai an riƙa duba ta.

A kan bindiga akwai ɗan bakin ƙarfe da ake cirewa a sauya, wato nozul, kuma an bambanta su da launi. Ja yana fitar da ruwa a tsaye wuri ɗaya, ba ya bajewa ko kaɗan. Rawaya yana baje shi digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na zuba sabulu ne, ba shi da matsi. Akwai wani mai juyawa da ke wulwula tsayayyen ruwan, na kankare da ƙarfe ne kawai. Kore da fari sun wadatar ga kusan duk aikin yau da kullum. Jan kuwa ya kamata ya zauna a akwati, sai in taɓo ya sandare a ƙarƙashin tarakta ko tirela. Nisa ma yana rage ƙarfi ƙwarai: feshin da zai yanka a santimita 5 wanki kawai zai yi a santimita 40. Shi ya sa gwani ke farawa daga nesa ya matso, mai koyo kuwa yakan fara daga kusa ya ja baya bayan ya yi ɓarna.

Haɗarin injin nan ba abin wasa ba ne. Matsin da bai kai bar 10 ba yana iya huda fata in bakin bindiga na kusa, balle bar 150. Raunin yakan zama ɗan ɗigo da ba ya ko zubar da jini sosai, amma ruwa da datti da sabulu sun riga sun shige cikin nama. Wanda ya samu irin wannan a hannu ko ƙafa ya nufi asibiti a take, ya faɗa wa likita injin feshi ne, domin in aka kwana ana shafa magani a gida yana iya kai wa ga yanke yatsa. Abin takaici ne ganin yara a wurin wanki ƙafa ba takalmi, wani ma yana wanke ƙafarsa da bindigar. Takalmin roba mai tsawo da tabarau da safar hannu ba su kai kuɗin tiyo ɗaya ba. Injin fetur kuma ba a tayar da shi a ɗaki ko shago ko ɗakin kaji a rufe, saboda hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. A bar injin a waje a ja tiyo ciki. Mai injin lantarki ya ɗaga mahaɗar waya daga ƙasa, kada ya yi aiki da wayar da aka ɗaure da leda.

A jikin mota da babur ana kauce wa boris, da sarƙa, da wayoyin wuta, da mashigar iska, da lagireto, da gefen taya daga kusa. Katangar ƙasa da yaɓen gargajiya ba a kusantar su da wannan injin ko da wasa. Ruwan wanki mai haɗe da baƙin mai a yi masa rami mai tsakuwa nesa da rijiya, kada a bar shi ya kwanta ya tara sauro.

Katako kuwa sai an fahimci abin da ke tsufar da shi. Itace zaruruwa ne a jere, wani sinadari mai suna lignin ya haɗe su. Hasken rana yana rusa wannan sinadarin a fuskar katako, ruwan sama ya wanke shi, sai a ga ƙofa ta koma ruwan toka. Wannan furfurar ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, a ƙarƙashinta itacen na nan da launinsa. Abin da ya fi cutar da katako a ƙasar Katsina shi ne kai-komon yanayi. Daga Yuni zuwa Satumba yana shan danshi ya kumbura, ƙofa ta ƙi rufuwa. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, ya tsuke ya tsage, ƙusa ta yi sako-sako. Katakon da aka kawo daga Kudu da ɗanyensa aka yi aiki da shi nan take shi ya fi shan wannan wahala. Sai kuma gara daga ƙasa, da ƙwaron da ke huda katako yana zubo gari mai laushi.

Itatuwan ma ba ɗaya suke ba. Ƙirya, wadda masassaƙa ke yin turmi da taɓarya da ita, tauri gare ta, gara ba ta cika samun ta ba. Maɗaci ja ne mai nauyi, yana yin ƙofa da gado masu daɗewa. Daga cikin katakon Kudu da ake saya a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, iroko yana jure ruwa da gara, obece da afara kuwa farare ne marasa nauyi, ƙwaro na son su, kuma su ne ake yawan yin benci da silin da su saboda araha. A kowane itace, farin gefen da ke kusa da ɓawo shi ke fara lalacewa.

Kafin ruwa ya taɓa komai ana dubawa. A ɗauki sukudireba a danna ƙasan ƙofa, da ƙafafun benci, da kewayen hinji. Inda ƙarfen ya nutse, ko aka ƙwanƙwasa aka ji holoƙo, gara ko ruɓa ta gama da wurin, wanki ba zai dawo da shi ba, sai kafinta ya yanke ya sa sabo. Akwai kuma abubuwan da ba a wanke su da inji sam. Filawud yana ɗayewa falle-falle. Katakon gari da aka matse, irin MDF da ake yin kabad da gadajen amare na zamani da shi, in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Tsohuwar ƙofa mai sassaƙa ko akwatin gado na kakanni, busasshen buroshi da ɗan tsumma mai laima sun ishe su. Rufin azara ma haka. Azarar giginya tana shekaru aru-aru in ta zauna a bushe, ita ce ke riƙe da bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Gyaranta shi ne a toshe yoyon rufi, a gyara indararo, a kakkaɓe ƙura da hanyar gara.

Katako mai lafiya, irin bencin makaranta ko ƙofar zaure, ga yadda ake bi da shi. A cire shi a jingina a inuwa, a jiƙa shi da ruwa ba matsi, a shafa ruwan omo da buroshi mai ɗan tauri, a bar shi minti 10 ba tare da ya bushe ba. Sabulu da buroshi su ke yin aikin, injin kuwa ɗauraya ce tasa. A ɗaura farin nozul, a rage matsi zuwa bar 35 ko 40 in farin katako ne, mai tauri irin maɗaci da iroko kuma kada a wuce bar 80 zuwa 100. A tsaya santimita 30 ko fiye. A gwada a bayan ƙofar ko ƙarƙashin bencin tukuna. Ana matsa kunama ne a gefe, a shigo da feshin kan katakon hannu na tafiya, a bi tsawon jijiyar itacen daga wannan kai zuwa wancan ba tsayawa, a fita kafin a saki. Duk inda hannu ya tsaya sai ya bar tabo, duk inda aka gitta jijiya sai ya bar zane. In aka matso da yawa, fuskar katakon takan tashi ta yi gashi-gashi kamar tsohon bargo, kuma ba a gane girman ɓarnar sai ya bushe. Daga nan babu mafita sai doguwar guga da sanfefa.

Baƙin ɗigo-ɗigon da damina ke bari funfuna ce. Bilic irin Hypo ko Jik yana kashe ta: kashi ɗaya a ruwa kashi uku ko huɗu, minti 10, sannan ɗauraya mai yawa. In ya daɗe yana kodar da launi ya sassauta zaren itacen. Baƙin da ke kewaye ƙusa daban ne, tsatsar ƙarfe ce ta haɗu da ruwan itacen, bilic ba ya fitar da shi, sai asid ɗin oksalik, kimanin giram 50 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi. Tsohon fenti da folish kuwa wasu na ɓare su da soda irin ta masu haɗa sabulu. Tana aiki, amma tana ƙona fata, tana makantarwa in ta shiga ido, tana sassauta gam a mahaɗai, tana kuma baƙanta maɗaci. In ya zama dole, a bokitin roba ake haɗa ta, a zuba sodar a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda ba, bayan an ɗauraye kuma a bi katakon da oksalik ko ruwan khal don a kashe kaifinta. Doka ɗaya ba ta da sassauci: ba a haɗa bilic da kowane irin asid, domin haɗin yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi.

Tsohon fentin mai yana da wata illa da ba a gani. Da yawa daga cikinsa akwai dalma. Mutanen Arewa sun ga abin da gubar dalma ke yi a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. A can daga duwatsun zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Fesa wa tsohuwar ƙofa ruwa a tsakar gida yana watsa ɓarɓashin fentin a inda yara ke rarrafe, kaji ke tsattsaga. A shimfiɗa leda, a jiƙa fentin a kankare shi da hannu, a tattara ɓarɓashin a ƙulle, a nisanta yara da mata masu ciki, mai aikin kuma ya canza kaya ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Bushewa ita ce matakin da gaggawa ta fi ɓatawa. Jiƙaƙƙen katako in aka shanya shi a tsakiyar rana, waje ya bushe ciki da ruwa, sai ya tsage ko ya kantare. A inuwa ake tsayar da shi, iska na bugun fuska biyu, ƙasansa a kan dutse. Da rani kwana biyu zuwa uku sun isa, da damina yana iya kai mako. Mai na'urar auna danshi ya jira ta nuna ƙasa da kashi 15 cikin 100. Fentin da aka shafa a kan danshi zai kumbura ya ɓare kafin shekara ta zagayo.

In ya bushe sai gyara. A ƙara wa mahaɗai gam a ɗaure su, a maye gurbin ƙusoshin da suka yi tsatsa da sukurori, ƙananan huji kuma a cike su da garin katakon nan da aka kwaɓa da farin gam. Guga tana farawa da sanfefa lamba 80, sai 120, kayan ɗaki a ƙarasa da 180 ko 220, kullum ana bin jijiya. Takunkumi dole ne, musamman a kan katakon iroko da mansoniya, waɗanda ƙurarsu ke tayar da tari da ƙaiƙayi. Maganin gara irin Solignum a kan tsuran busasshen katako ake shafa shi, a ƙosar da kawunan da aka yanka, domin ta nan itace ya fi shan ruwa, ta nan kuma ruɓa ke farawa. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi ya zama al'ada saboda araha, amma yana ɗauke da guba, fenti ba ya kama bayansa, kuma bai dace da abin da mutane ke zama a kai ba. Turmi da akushi da muciya da duk abin da abinci ke taɓawa, babu maganin gara ko fenti da zai hau su.

Shafin ƙarshe ya danganta da inda kayan za su zauna. Folish mai sheƙi da kafintoci ke fesawa na cikin ɗaki ne. A waje, ranar Katsina tana ratsa shi ta cinye itacen da ke ƙarƙashi, ya ɓare cikin shekara ɗaya ko biyu. Ƙofar waje da benci fentin mai suke so, shafin farko na andakot, sannan shafi biyu marasa kauri, ko kuwa mai irin na linsid da aka sa wa launi, wanda ke shiga cikin itacen, ba ya ɓarewa, sai dai a sabunta shi duk shekara. Ƙofa gefe shida gare ta, kuma na sama da na ƙasa da ba a gani su aka fi mantawa, su ne kuma ke shan ruwa. Da sassafe ake shafi, a yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta, a guji ranar da iskar hunturu ke kaɗawa. Tsumman da ya sha man linsid in aka dunƙule shi aka jefar a lungu yana iya kamawa da wuta da kansa, don haka a baje shi a waje ya bushe ko a tsoma shi a ruwa. Watannin Maris da Afrilu sun fi dacewa da wannan aiki, ƙura ta lafa, ruwa bai sauka ba, katako kuma ya bushe sarai.

Ga mai ba da aiki kuma, kafin ya miƙa ƙofarsa ko gadonsa ko bencin makarantarsu, ya tambayi mai injin wane nozul zai ɗaura, da kwana nawa zai bar katakon ya sha iska kafin fenti. In ya ce ja, ko ya ce yau-yau za a gama, a ɗauke kayan a kai wani wurin.